Kamfanin zane ya fito da CMS nasa: dabara ce ko ɗaukar wa kai kaya?

Dan_Kurmi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina son masu ginin shafukan intanet na wannan zaure su warware mini wata magana. A 2018 kamfanin zane na AREA 17, mai ofis a Faransa da Amurka, ya saki manhajar sarrafa abubuwan shafi, wato CMS, wadda yake amfani da ita a aikin kwastomominsa. Ya raɗa mata suna Twill, ya buɗe kod ɗinta kowa ya ɗauka kyauta. Kafin nan Torchbox na Ingila ya yi haka da Wagtail a 2014. Ra'ayina shi ne duk kamfanin zanen da ya tara kwastomomi 20 zuwa 30 ya kamata ya bi wannan hanya. Za ka zana shafi tsaf, ka miƙa shi a kan WordPress, bayan wata uku ka tarar an canza launi, an cusa hoto inda ba muhallinsa ba, an loda filogin, wato ƙananan manhajojin ƙari, barkatai. In CMS ɗin naka ne, kai ke yanke abin da edita zai iya taɓawa. Me ake buƙata a gina irin wannan, kuma ina ramin yake?

MaiKod_Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam Dan_Kurmi, gyara ɗaya kafin a yi nisa. Cikin biyun babu wanda ya fara daga tushe. Twill a kan Laravel yake zaune, wani shiryayyen harsashin gina manhaja na harshen PHP, fuskar da edita ke gani kuma da Vue na JavaScript aka yi ta. Wagtail a kan Django yake, irin wannan harsashi na harshen Python. Shiga da kalmar sirri, murɗe kalmar sirrin kafin a adana ta, magana da rumbun bayanai, tare buƙatun bogi da ake turowa daga wani shafi, duk gadonsu suka yi daga aikin da dubban mutane ke dubawa kullum. Abin da suka rubuta da hannunsu shi ne ɗakin edita da yadda ake jera abubuwan shafi. Duk wanda ya ce zai buɗe fayil ɗin PHP babu komai a ciki ya fara rubuta tsarin shiga da kansa, ba hanyar Twill ya bi ba, wata hanya ce dabam mai hatsari.

Hajiya_Zane:
Amma damuwar Dan_Kurmi gaskiya ce, kada a rufe ta da maganar kod. Ƙarfin waɗannan manhajoji biyu shi ne ba sa ba edita fili ɗaya babba ya yi yadda ya ga dama. Tubala suke ba shi. Mai zane ya ce shafin labari yana da tubali bakwai: kanu, sakin layi, hoto mai faɗi, hotuna biyu gefe da gefe, maganar da aka ciro, bidiyo, da akwatin ƙarin bayani. Kowane tubali da gurabunsa da iyakarsa. Kanu ba zai wuce haruffa 80 ba, hoto ba zai shiga sai an rubuta bayaninsa don makafi masu amfani da manhajar karanta allo, launi kuma uku ne kawai a jerin zaɓi. Wagtail na kiran wannan StreamField tun sigarsa ta 1.0 a 2015. Edita na da 'yancin jera tubalan yadda labarinsa ke so, amma ba shi da hanyar ɓata zanen. Wannan shi ne abin da kamfanin zane ke nema, ba wani abu ba.

Abba_WP:
Hajiya, duk abin da kika lissafa ana yin sa a WordPress yanzu, bayan Gutenberg, editansa mai tubala, ya shigo a sigar 5.0, Disamban 2018. A fayil ɗin theme.json kana kashe zaɓen launi na son rai, ka bar launukan kamfani kawai, ka kashe canza girman rubutu. Kana taƙaita tubalan da za su bayyana ga kowane nau'in shafi, kana kulle jerinsu. A wp-config.php ka kunna DISALLOW_FILE_MODS, babu mai sake loda filogin ko jigo daga cikin allon gudanarwa. Sannan ka ba kwastoma matsayin edita, ba na mai gudanarwa ba. Shafin da aka ɓata bayan wata uku, galibi mabuɗin mai gudanarwa aka miƙa ranar da aka gama aiki. Laifin miƙawa ne.

Injiniya_Sabo:
Bari in amsa tambayar farko kai tsaye, me ake buƙata. Allon da za a rubuta labari a danna adana, wannan aikin mako biyu ne ga wanda ya iya. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Na farko, daftari da wanda aka wallafa dole su zama abu biyu. Edita na gyara shafin da ke kan intanet, bai gama ba, bai kamata jama'a su ga rabin gyara ba. Ke nan kana buƙatar teburin sigogi: duk adanawa ta zama sabon layi ɗauke da wanda ya yi ta da lokacin, shafin kuma ya riƙe alamar sigar da ke waje. Daga nan ne maido da tsohuwar siga ke samuwa, da kwatanta biyu, da duba shafi kafin a saki. Wanda bai tsara wannan tun farko ba, sai ya rushe rabin rumbun bayanansa kafin ya shigar da shi.

Na biyu, mutum biyu a shafi ɗaya. In babu kulle, wanda ya adana daga ƙarshe ya shafe aikin na farko, kuma babu wanda zai sani sai an nemi sakin layin an rasa. Ko ka kulle shafin ga wanda ya fara buɗewa, kullen ya saki kansa bayan 'yan mintoci in burawzarsa ta daina magana, ko ka duba lambar siga lokacin adanawa ka ƙi karɓa in ta canza.

Na uku, izini. Ba "babba da ƙarami" kawai ba. Wane ne zai rubuta amma ba zai wallafa ba, wane ne zai taɓa sashen labarai amma ba shafin farko ba, wane ne zai goge hoto. Kuma a saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ake duba izinin, ba a ɓoye maɓalli a allo a ce an gama ba.

Sai canza adireshi. Edita ya gyara kanu, adireshin shafin ya canza, duk mahaɗin da aka raba a WhatsApp da wanda Google ya riƙe ya mutu. Dole manhajar ta ƙirƙiri juyawa ta 301, wato turawa ta dindindin, daga tsohon zuwa sabon da kanta, ta kuma gane in juyawar ta fara zagaye kanta. Sai wallafa a kan lokaci, wanda ke buƙatar aikin cron, wato aikin da saba ke gudanarwa da kanta kowane minti, da adana lokaci a UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, a nuna shi da agogonmu mai gaba da sa'a ɗaya. Mantawa da wannan ne ke sa sanarwar ƙarfe 8 ta fito ƙarfe 9. Ban taɓo harsuna biyu ba, ban taɓo bincike ba.

Hoto_da_Kod:
Injiniya ya tsallake ma'ajiyar hotuna, ita kuwa ta fi cin lokaci. Hoton waya mai 4000 a 3000 miliyan 12 ne na ɗigo. A fayil bai wuce megabait 4 ko 5 ba, amma in GD, mai sarrafa hoto na PHP, ya buɗe shi don ragewa yana cin kusan megabait 48 na ƙwaƙwalwa, iyakar PHP ta asali kuma 128 ce. Rage girma biyu ko uku a buƙata ɗaya, sai farin allo. Kafin ma a kai nan, upload_max_filesize na asali megabait 2 ne, post_max_size kuma 8, don haka hoton ba zai shiga ba sai an ɗaga na farkon, wato iyakar girman fayil ɗin da za a loda. Maganin shi ne a karɓi hoton, a jefa aikin ragewa a layin jira, a yi shi a baya.

Abin da za a fitar: faɗi kamar 400, 800, 1200 da 1600, a WebP ko AVIF tare da JPEG na ko-ta-kwana, a bar burawza ta zaɓa ta hanyar srcset. Mai karatu a kan data mai tsada bai kamata ya sauke hoton megabait 5 don allon da bai kai tafin hannu ba. A juya hoton bisa alamar EXIF, bayanan da kyamara ke saƙawa cikin hoto, kafin a goge ta, in ba haka ba hotunan waya su fito a kwance. A tabbata an goge ta kuwa, don tana iya ɗauke da ainihin wurin da aka ɗauki hoton. Sai maƙallin tsakiya, inda edita zai nuna fuskar mutum don kada yankan kai-tsaye ya sare masa kai. Twill da Wagtail duk sun zo da irin wannan a shirye.

Mai_Gadi01:
A ƙara: kada a yarda da sunan fayil. Abin da ya ƙare da .jpg ba lallai hoto ba ne. A duba cikinsa, a sake masa suna, a ajiye shi inda saba ba za ta gudanar da kod ba. SVG kuma rubutu ne, yana iya ɗaukar JavaScript, sai an tace.

Dan_Kurmi:
Na gode Injiniya. Amma ai ƙaramin CMS da ba kowa ya san shi ba, masu kutse ba za su kula shi ba. WordPress ne ke riƙe da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, shi ya sa ake farautarsa.

Mai_Gadi01:
Rabin maganarka daidai ne. Mutum-mutumin kutse na neman wp-login.php a kowane shafi, gaskiya. Amma akwai masu yawo suna gwada kowane fom da kowane adireshi ba tare da sun damu da sunan manhajar ba: su cusa umarnin SQL, harshen magana da rumbun bayanai, su cusa rubutun da zai gudana a burawzar mai gudanarwa, su canza lamba a adireshi daga 41 zuwa 42 su ga ko za a ba su bayanan wani. Waɗannan ba sa buƙatar sanin ka.

Dubi Drupal, wani babban CMS. Ranar 15 ga Oktoban 2014 suka sanar da ɓarakar SQL a sigar 7. Daga baya suka ce duk shafin da bai saka faci cikin sa'o'i 7 da sanarwar ba, a ɗauka an riga an shige shi. Drupal na da tawagar tsaro, da hanyar karɓar rahoto a asirce, da hanyar sanar da kowa lokaci ɗaya, duk da haka abin ya yi muni. Kamfani mai mutum shida, wa zai kawo masa rahoto? Ɓarakarsa tana nan, bambancin kawai babu mai gaya masa. Kuma ɓaraka ɗaya ce a shafuka 30, tunda kod ɗaya ne.

Mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi: bcrypt ko Argon2 don murɗe kalmar sirri, iyakance yawan gwajin shiga, tabbaci na biyu ga masu gudanarwa, tambayoyin rumbun bayanai masu gurabe ba haɗa rubutu ba, tace HTML a saba da jerin abin da aka yarda, da littafin wanda ya yi me da yaushe.

Abba_WP:
Kuma a yi wa WordPress adalci, mafi yawan ɓarakar da ake sanarwa a filogin suke, ba a cibiyar ba. Rage su zuwa biyar ko shida da ake kula da su, ka rage mafi yawan hatsarin.

Damagaram_Dev:
Ina wuni 'yan uwa. Akwai wurin da nake ganin Malam Dan_Kurmi na da hujja mai ƙarfi, wato haruffanmu masu lanƙwasa. Yawancin manhajoji in za su ƙera adireshi daga kanu, suna warware harafi su jefar da alamar da ke kansa, é ta koma e. Amma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba sa warwarewa a Unicode, kowannensu harafi ne mai zaman kansa. Sai a jefar da shi ɗungurungum. Aikin slugify na Django, in ba a ce masa ya bar Unicode ba, zai mai da "ƙasa" ta zama "asa", "ɗalibai" ta zama "alibai". Dole a saka teburin musanya kafin wannan mataki: ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, ƴ zuwa y, da manyansu.

Bincike ma haka. Mai karatu a waya zai rubuta "kasa" yana neman "ƙasa", rumbun bayanai kuma na ɗaukar su haruffa biyu dabam. Sai a ajiye kwafi na biyu na rubutun da aka daidaita don bincike kawai, a daidaita abin da mutum ya rubuta da ƙa'ida ɗaya. Mu a Nijar muna rubuta ƴan, ku a Najeriya 'yan, ga alamar nan kuma tana zuwa da siffa uku ko huɗu gwargwadon allon madannai. Duk su faɗa wuri guda.

MaiKod_Zariya:
Wannan gaskiya ne, sai dai aikin layi 30 ne a kan Wagtail ko Twill ko WordPress. Bai kai dalilin gina sabon CMS ba.

Ummi_Django:
Ƙari kan na Damagaram_Dev. A rumbun bayanai na MySQL a zaɓi tsarin haruffa na utf8mb4 tun daga teburi har zuwa haɗin da manhaja ke yi da rumbun. In haɗin ya tsaya a latin1, ƙ za ta koma alamar tambaya ko tarkacen haruffa, kuma in an riga an adana alamar tambayar babu mai maido ta. Tsohon utf8 na MySQL na ɗaukar haruffanmu, tunda bait biyu ne, amma emoji mai bait huɗu zai yanke rubutu ko ya jawo kuskure.

Hajiya_Zane, naki ɓangaren: font da yawa masu kyau ba su da ɗ da ɓ. Burawza sai ta aro su daga wani font, kalma ɗaya ta fito da rubutu iri biyu. A gwada kafin a nuna wa kwastoma zane. Noto, Charis SIL da Andika suna da su. In kuma shafin zai ɗauki ajami, kowane tubalin rubutu ya sami zaɓin alkibla daga dama zuwa hagu.

Alamar 'y ɗin nan ma gwaji ce mai kyau. Rubuta "'yan kasuwa" a kowane fom na CMS ɗin da aka kawo maka. In ya fashe, to rubutu ake haɗawa cikin SQL, abin da Mai_Gadi01 ya yi gargaɗi a kai.

Hajiya_Zane:
Haka ne Ummi. A duba har da mai kauri da mai karkata, don wani font na da ƙ a siffar yau da kullum amma babu ita a mai kauri, kanu kuwa da mai kauri ake yi.

Baban_Ilham:
Mu koma kan kuɗi, don nan ne kamfani ke tsayawa ko faɗuwa. PHP na fitar da sabuwar siga kowace shekara, kowace kuma tallafinta shekara huɗu ne gaba ɗaya. Laravel na fitar da babbar siga duk shekara, gyaran kurakurai wata 18, facin tsaro shekara 2. Django mai dogon tallafi shekara 3. Ke nan ko ba ka ƙara komai a CMS ɗinka ba, ƙasan da yake kai na motsi. PHP 7.4 ya daina samun faci tun Nuwamban 2022, kuma har yau akwai shafukan da suka maƙale a kansa don kod ɗinsu ba ya tashi a 8.

Yi lissafi da shafuka 30 ɗin Dan_Kurmi. Mu ɗauka ɗaga siga ɗaya na cin sa'a 4 a kowane shafi, da gwaji. Sa'a 120 ke nan, mako uku na mutum ɗaya, bayan aikin gyara cibiyar kanta. Wa zai biya? In ba a rubuta kuɗin kulawa na shekara a kwangila ba, daga aljihun kamfani zai fito. Kamar janareta ne, kuɗin saye sau ɗaya ake biya, mai da sabis kuwa ba sa ƙarewa.

Babban kuskuren da ke ninka wannan lissafi shi ne kwafe kod ɗin zuwa kowane sabon aiki a ɗan taɓa shi. Bayan shekara biyu ba CMS ɗaya gare ka ba, 30 ne masu kama da juna. Cibiyar ta zama ƙunshi guda mai lambar siga, ana jawo ta da Composer ko pip, abin da ya keɓanta ga kwastoma ya zauna a waje. Ba a taɓa cibiya don mutum ɗaya.

Tsohon_Edita:
Ku yi haƙuri, duk maganarku ta masu gini ce. Wanda zai zauna gaban allon kullum fa? Abin da edita ke buƙata: ya kwafo rubutu daga Word ko WhatsApp ya manna ba tare da tarkace ya biyo ba. In wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke, ya dawo ya tarar da abin da ya rubuta. WordPress na adanawa da kansa kowane minti, kuma burawza na riƙe kwafi. Ya iya gyara kuskuren kanu daga waya. Ya ga yadda labarin zai fito in an raba shi a Facebook kafin ya saki. Sannan sabon ma'aikaci. Wanda aka ɗauka yau, akwai yiwuwar ya taɓa ganin WordPress, in bai taɓa ba bidiyon koyo sun cika YouTube. CMS na kamfani ɗaya, wa zai rubuta littafin koyonsa, wa zai sabunta shi?

Hajiya_Zane:
Yallaɓai, in an gina shi da kyau, allon da ke da gurabe takwas masu suna da Hausa ya fi sauƙin koyo a kan allon da ke da maɓalli hamsin da sanarwar filogin. Royal College of Art ta Landan aka fara gina wa Wagtail, editocinta aka duba aka tsara shi, kuma sauƙin ɗakin editan ne ya sa ya yaɗu har hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta ɗauke shi.

Umm_Khadija:
Ni ta ɓangaren kwastoma zan yi magana. Duk wanda kamfanin zane ya ce zai ɗora shi a kan CMS na cikin gida, ya nemi amsar waɗannan a rubuce kafin ya biya kafin alƙalami.

In mun rabu, da me zan tafi? Amsar da ta dace: dukkan rubutu a JSON ko CSV mai bayanin kowane gurbi, hotuna na asali ba waɗanda aka rage ba, jerin adireshi da juyawarsu. A gwada fitarwar tun kafin a ƙaddamar, ba ranar rigima ba. Wane lasisi ne a kan kod ɗin, kuma wani injiniya na da damar ci gaba da shi? Wagtail BSD ne, Twill Apache 2.0, kowa na iya ɗauka ya ci gaba ko da kamfanin ya rufe gobe. Wannan ne bambancinsu da CMS ɗin da ke kulle a sabar kamfani. Sunan yanki da asusun saba, da sunan wa aka yi rajista? Na kwastoma ya kamata. Ajiyar ko-ta-kwana kwafi nawa ce, a ina, yaushe aka gwada maido da ita? Ƙa'idar da aka sani kwafi uku ce, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam.

Ga kuma doka. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce in an sami kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, a sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72. In shafin na karɓar sunaye da lambobin waya ta fom, kamfanin da ke riƙe da manhajar ya shiga cikin maganar. In babu littafin abin da ya faru a saba, da me za a san abin da aka ɗiba?

Abba_WP:
Shi ya sa na ce WordPress. Fayil ɗin fitarwa na nan a ciki, masu gyara kuma sun cika Kano da Kaduna.

Ummi_Django:
Malam Abba, fitarwar na da sauƙi in shafin rubutu ne zalla. In da filogin mai gina shafi aka yi shi, abin da zai fito tarin gajerun lambobi ne da babu mai karanta su sai filogin ɗin. Kulle ne shi ma. Kuma ba a manta 2024 ba, lokacin rikicin Matt Mullenweg, jagoran WordPress, da kamfanin ɗaukar nauyin shafuka WP Engine, da aka karɓe gurbin Advanced Custom Fields a ma'ajiyar filogin aka mai da shi Secure Custom Fields. Kamfanonin zane da yawa a kan wannan filogin suka gina dukkan aikinsu. Dogaro da na wani ma na da nasa hatsarin, kuma wannan na cikin abin da ke tura kamfani ya so nasa.

Baban_Ilham:
Akwai abin da tarihin waɗannan kamfanoni ke nunawa da ya kamata Dan_Kurmi ya duba. 37signals kamfanin zane ne, ya saki Basecamp a 2004, daga baya ya bar aikin kwastoma gaba ɗaya. Pixel & Tonic na yin ƙari ne ga CMS ɗin ExpressionEngine, ya saki nasa CMS mai suna Craft a 2013, Craft ɗin ya zama sana'arsa. CMS ɗin Payload daga wani kamfanin zane na jihar Michigan ya fito, ya zama kamfani mai zaman kansa, Figma ta saye shi a 2025. In manhajar ta karɓu, takan cinye kamfanin. In ba ta karɓu ba, takan zama nauyi a wuyan injiniya ɗaya, ranar da ya sami aiki a wani wuri kuma shi ke nan. Torchbox da AREA 17 sun riƙe biyun, aikin kwastoma da manhajar, amma da manyan kwastomomi masu biyan kuɗin sabon aiki wanda daga baya ake zubawa a cibiya. Shafin Art Institute of Chicago a kan Twill aka gina shi. Irin wannan kwangila ce ke ciyar da manhaja.

MaiKod_Zariya:
Kuma sakin kod ga duniya ba ɗora shi a GitHub ba ne kawai. Takardun bayani, gwaje-gwaje masu gudana da kansu, bayanin abin da ya canza a kowace siga, hanyar ɗaga siga ba tare da asarar bayanai ba, adireshin karɓar rahoton tsaro, da wanda zai amsa tambayoyin mutanen da ba za su taɓa biyan ka ba. Wagtail na fitar da siga duk wata uku a kan jadawali. Wannan alkawari ne mai nauyi.

Gwani_Fayil:
Ba wanda ya ambaci hanya ta tsakiya. Kirby, na Bastian Allgeier a Jamus tun 2012, ba ya buƙatar rumbun bayanai. Kowane shafi jaka ce, a cikinta fayil ɗin rubutu da hotunansa. Allon edita kuma kai ke tsara shi da fayil ɗin YAML, gurbi bayan gurbi, daidai abin da Hajiya_Zane ta bayyana. Ajiya kwafe jaka ce, ƙaura ma haka, kuma matsalar Umm_Khadija ta "da me zan tafi" ta warware, don rubutun na buɗuwa a kowace kwamfuta. Ana biyan lasisi ga kowane shafi. Statamic ma na da irin wannan tsari a kan Laravel. Iyakarsa: shafin labarai mai dubban rubuce-rubuce da tacewa iri-iri zai fara nauyi sai an dage da ma'ajiyar wucin gadi. Ga shafin makaranta, asibiti ko kamfani mai shafuka 50 zuwa 200, ya wadatar.

Dan_Kurmi:
To in na fahimta, abin da nake kira "CMS namu" zai iya zama tarin tubalanmu, da teburin haruffan Damagaram_Dev, da tsarin izini da na hotuna, an ƙunshe su wuri ɗaya a kan Twill ko Wagtail, da tambarinmu a allon shiga. Amma har yanzu ina ganin wanda ya mallaki cibiyar ya fi sakewa. In Twill ya canza alkibla fa?

Injiniya_Sabo:
Lasisin ya ba ka damar ɗaukar kwafinka ka ci gaba daga inda suka tsaya, ranar da hakan ta faru. Kafin ranar, wasu na yi maka aikin sigogi da kulle da hotuna. Ni dai sharaɗina ga mai son tasa cibiyar: injiniyoyi aƙalla biyu da suka san kod ɗin ciki da waje, kuɗin kulawa a kowace kwangila, da buƙatar da ka gwada a manhajoji uku ka tabbatar ba sa iya ta.

Hajiya_Zane:
Ban yarda da sharaɗi na uku gaba ɗaya ba, Injiniya. Da Torchbox ya bi shi, da Drupal ɗin da suke aiki da shi a lokacin "na iya" komai, kuma da ba a sami Wagtail ba. Wani lokaci abin da ya rasa ba iyawa ba ne, daɗin aiki ne ga edita, kuma wannan ma dalili ne.

Damagaram_Dev:
Malam Dan_Kurmi, in za ka gwada, ɗauki shafi ɗaya na gaske mai harshe biyu, Hausa da Faransanci ko Turanci, ka gina shi a Twill da Wagtail duka. A nan bambancin ke fitowa: Twill na ajiye fassarar kowane gurbi a jikin rubutu ɗaya, Wagtail kuma na ba kowane harshe nasa reshen shafuka a haɗa su. In Hausar za ta riƙa fita kafin ɗayan, ko wasu shafuka ba za a fassara su ba sam, wannan zaɓi zai shafi aikin edita na kullum. Ummi_Django, wagtail-localize na barin a wallafa harshe ɗaya a bar ɗayan a daftari, ko ba haka ba?

Ummi_Django:
Haka ne, tunda kowane harshe shafinsa dabam ne da nasa matsayin wallafa. Sai dai a kula da maɓallin sauya harshe a saman shafi: ya duba ko fassarar na waje kafin ya nuna mahaɗi, in ba haka ba mai karatu zai faɗa kan 404, wato saƙon "ba a sami shafin ba". A saka alamar hreflang, mai gaya wa injin bincike harshen shafi, ga waɗanda aka wallafa kaɗai, lambar Hausa kuma ha ce.